Babban Akawu da Ƙaraminsa

Akawu biyu ne a ofishin hukumar ruwa ta garin, a ɗaki ɗaya mai taga ɗaya da fanka ɗaya, don haka ba wanda ya taɓa wahalar da bakinsa wajen kiran sunayensu. Ɗaya Babba, ɗaya Ƙarami. Babba ya riga zuwa da shekara takwas. Shi ke riƙe da makullin kabad ɗin fayil-fayil, shi ke zama a kujera mai hannu, kuma fankar ta fi kallon wajensa, don shi ya san inda ake ɗaure mata wuya da waya.

Siririn mutum ne mai tsabta, rubutunsa kamar an buga da inji. Ubansa mai gyaran keke ne a bakin kasuwa. A makaranta ba wanda ya taɓa shan gabansa, har malamai na cewa wannan sai dai jami'a. Shekarar da zai wuce, uban ya kwanta ciwon da bai tashi ba, ya bar masa uwa da ƙanne biyar. Aikin akawu ya samu, ya kama da hannu biyu. Ya yi aure da wuri, ya sayi tsohon babur, ya kama haya a layin bayan tankin ruwa, daga baya gidan ya zama nasa.

Ranar da aka kawo masa Ƙarami, abin da ya fara gani takalmi ne. Na aro ne, ya fi ƙarfin ƙafar, an cusa masa takarda a baki. Saurayin gajere ne mai faɗin fuska, dariya a kusa take. Babba ya ba shi takarda ya ce ya rubuta sunansa da na garinsu, ya duba ya ce, "Wannan rubutu ne, ko kaza ce ta taka tawada?"

Ƙarami ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ai shi ya sa aka kawo ni wurinka, Yaya."

Babba ya koya masa komai: yadda ake ba fayil lamba, yadda ake sa takarda a tafireta ba ta karkace ba, yadda ake buɗe wasiƙa ga manya da yadda ake rufe ta, da cewa ba a shiga ofishin manaja da hannu a aljihu. Da safe ya biya ya ɗauke shi a bayan babur, in an tashi ya sauke shi. Rabin wata a gidan Babba yake cin abinci, har matar gidan ta ware masa kwanonsa, tana ce masa ƙanena.

Abu ɗaya ne Babba bai koya masa ba, kuma bai ɗauke shi a bakin komai ba. Ƙarami bai iya zama wuri ɗaya ba. Ko yaushe yana wajen leburori da direbobin tanka da masu karanta mita. Ya san sunan kowa, ya san wanda matarsa ta haihu, ya san wanda uwarsa ke asibiti. Babba yakan leƙa ta taga ya ce, "Kai, in ka gama surutun, fayil-fayil na nan suna jiranka."

A shekara ta huɗu da zuwan Ƙarami babban bututu ya fashe a hanyar asibiti. Aka tura leburori suka haƙa rami mai zurfi, ba katakon tokare gefe, ba hular kwano, ba komai. Gefen ramin ya rufta kan wani lebura mai 'ya'ya uku. Kafin a tono shi rai ya yi halinsa. Ma'aikata suka taru a ƙarƙashin tanki, suka ce sai an faɗa wa kwamishina, wanda zai zo buɗe sabon injin turo ruwa bayan mako guda. Wa zai rubuta koken, wa zai karanta? Baki ya zo ɗaya: Babba.

Kwana uku yana rubutun, ya cika shafi huɗu. Bai zagi kowa ba, amma duk wanda ya karanta sai jikinsa ya yi sanyi. Matarsa tana wanki a tsakar gida tana jin sa a ɗaki yana karanta wa madubi, yana gyara murya. Ana jibi taron manaja ya kira shi. Bai ambaci takarda ba. Ya dai tambaye shi, "Akawu, 'ya'yanka nawa yanzu?"

"Huɗu, ranka ya daɗe."

"Allah ya raya su. Shi ke nan, je ka."

Ranar taro Babba ya tashi da ciwon haƙori. Ciwon gaskiya ne, kuncin ya ɗan tasa, matarsa ma ta gani. Amma ta kuma ga ranar da ya tafi aiki da zazzaɓi yana rawar sanyi. Ta dafa masa ruwan zafi da gishiri. Da Ƙarami ya gaji da jiran babur ya biyo da ƙafa, Babba ya miƙa masa takardar ta ƙofa, hannu ɗaya a kunci. "Ka karanta a hankali. Inda na sa waƙafi ka tsaya."

A wurin taron Ƙarami ya karanta shafi na farko kamar yadda aka ce masa. A na biyu ya yi tuntuɓe da wata doguwar kalma, mutane suka fara motsi. Sai ya naɗe takardar ya sa a aljihu. Ya kira sunan mamacin, da na matarsa, da na 'ya'yansa uku ɗaya bayan ɗaya, da ajin da kowannensu yake. Ya ce ranar da ramin ya rufta, ƙaramar 'yarsa tana ƙofar gida tana jiran uban ya sayo mata fensir. Kwamishina ya sunkuyar da kai. Akwai ɗan jaridar gidan rediyo a wurin da rikodarsa.

Da yamma Babba yana kwance ya ji muryar Ƙarami tana fitowa daga rediyonsa, a kan teburinsa, a ɗakinsa. Ya tashi zaune. Ya saurara har ƙarshe yana jiran jimlolinsa, ya ji uku kacal. Matarsa ta leƙo ta ce, "Ashe ƙanena ya iya magana haka?"

"Ya ɓata takardar," in ji shi. "Duk hujjojin ya tsallake su."

Ba a kori Ƙarami ba. Cikin wata guda aka kawo huluna da takalman roba da katako, aka kuma zaɓe shi sakataren ƙungiyar ma'aikata ba hamayya. Haƙorin kuwa, aka cire shi a asibiti wata ranar Talata.

Daga nan abin ya riƙa tafiya kamar ana tura shi. Sakataren ƙungiya, kansila, shugaban ƙaramar hukuma, ɗan majalisar jiha. Kowane mataki sai Ƙarami ya zo gidan da kansa, ya zauna a ƙasa ya ce, "Yaya, a sa mini albarka." Babba yakan ce, "Allah ya taimaka," ya raka shi bakin mota, ya dawo ya kasa cin abinci. Da Ƙarami mugu ne, da abin ya zo da sauƙi. Da ya manta da shi, da Babba ya samu abin faɗa a wurin hira. Amma mutumin ba ya mantuwa, ba ya ɗaga kai, kuma wannan ne ya fi ci wa Babba rai.

Sai ya koyi wata irin magana. In ana yabon Ƙarami a ƙofar gida, ya yi murmushi ya ce, "Yaron kirki ne. Shekara huɗu ya yi a bayan babur ɗina. Har yau in ka ba shi alƙalami ka ce ya rubuta wasiƙa, sai ka tausaya masa." A yi dariya, shi ma ya yi. In ya shiga gida matarsa ta ce, "Malam, ina jin ka ta katanga."

"Ƙarya na yi?"

"Ban ce ka yi ƙarya ba."

Duk zaɓen da Ƙarami ya tsaya, Babba yakan yi sammako ya shiga layi ya dangwala wa abokin hamayyarsa. Bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ranar da aka sanar Ƙarami ya ci gwamna, layin bayan tanki ya cika da mutane, wai sun zo taya Babba murna. Ya tsaya a ƙofa yana karɓar hannu har kumatunsa suka yi tsami don murmushi.

Wata biyu da rantsuwa aka aiko mota ta ɗauke shi zuwa gidan gwamnati. Aka shigar da shi ta ƙofa uku, kowace da ɗan sandanta, aka ajiye shi a ɗakin jira mai sanyi, cikin manyan mutane masu ƙamshin turare. A can kusurwa ya hango tsohon manajan nan, ya yi furfura, da fayil a cinya, shi ma yana jira. Babba bai yi minti goma ba ƙofa ta buɗe, gwamna ya fito da kansa, ya tsallake kowa ya rungume shi. "Ku gaisa da Yayana. Wannan shi ya koya mini riƙe alƙalami." Manyan mutane suka miƙe. Manaja ma ya miƙe.

A ciki Babba bai ji rabin abin da ake faɗa masa ba. Idonsa na kan teburin: ya kusa kai faɗin ɗakinsu na da, kuma ba ko takarda ɗaya a kai. Wayoyi uku. Kujerar tana juyawa. Ƙafar Ƙarami, ya lura, da ƙyar take taɓa ƙasa.

"Yaya, ina so ka riƙe mini sashen wasiƙu na gidan nan. Ba takardar da za ta shigo ko ta fita sai ta bi ta hannunka. Ba wanda na yarda da shi kamarka."

Babba ya so ya ce a'a. Bakinsa ya ce, "To, ranka ya daɗe."

"Haba Yaya, ni ne fa."

Amma kalmar ta riga ta fita, kuma duk hanyar gida tana yi masa amo a kunne.

Wata bakwai ya yi a can. Aikin bai gagare shi ba ko kaɗan, a mako biyu ya kimtsa abin da ya yi shekaru a tarwatse. Abin da ya gagare shi gani ne. Tagar ofishinsa tana kallon inda motoci ke tsayawa. Kullum yana ganin ana gudu a buɗe wa Ƙarami ƙofa, ana riƙe masa laima, ana dariya tun kafin ya gama barkwancin. Ya ga masu digiri uku-uku suna rubuta abin da ya faɗa a littafi. Jawaban gwamna kan biyo ta teburinsa, ya bi su da jan biro ya gyara, a mayar. Gwamna ya hau gaban lasifika ya ajiye takardar gefe ya yi maganarsa, a yi ta tafi. Babba ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Likita ya auna ya ce jininsa ya hau, ya tambaye shi ko akwai abin da ke damunsa. Ya ce babu.

Matarsa ce ta faɗa masa wata ranar Asabar, ya tasa abinci a gaba yana kallo. "Malam, wurin nan zai kashe ka. Ka koma inda ba ka ganinsa."

"Wa?"

"Ka sani."

Kwana biyu bai yi mata magana ba. Ran Litinin ya rubuta takardar neman a mayar da shi hukumar ruwa, a kujerarsa ta da. Gwamna ya kira shi, ya roƙe shi, ya tambaya ko wani ya yi masa laifi. Babba ya ce shi dai ya fi sabawa da can.

Abin da ya biyo baya bai zata ba. Labari ya bazu cewa akwai wani akawu da aka ba kujera a gidan gwamnati, ya ajiye ya koma ɗakinsa mai fanka ɗaya. Aka ce abin duniya bai dame shi ba. Wata jarida ta buga hotonsa a bayan tafireta. Gwamna da kansa ya ambace shi a taron ma'aikata, ya ce, "Da muna da irin Yayana guda goma, da jihar nan ta gyaru." Mutane suka riƙa kawo masa rigingimu ya sasanta, iyaye suna nuna shi ga 'ya'yansu. Babba ya karɓi girman don ba yadda zai yi, amma bai taɓa yi masa daɗi ba. Ya san abin da ya fitar da shi daga gidan. Kuma ko wannan ɗan sunan da ya yi, daga bakin Ƙarami ya fito.

Gwamna ya yi shekara takwas. Ya yi abin kirki, ya yi shirme, kamar kowa. Ruwa ya kai unguwannin da ba su taɓa ganin famfo ba. Wata gada da ya gina kuma ta tsage kafin damina biyu. Babba ya hau babur ya je ya ga tsagar da idonsa, ya daɗe a tsaye yana kallo. Da wa'adi ya cika, ya ce a ransa to, yanzu kowa ya dawo ƙasa. Shi ma a lokacin ya yi ritaya, ya kafa tebur da laima a ƙofar gida, yana rubuta wa mutane takardun neman aiki da na koke, yana cika musu fom. Ana cikin haka sai ga hotuna a bango: tsohon gwamna zai tsaya sanata. Aka liƙa ɗaya a katangar Babba, daidai saman teburinsa, wai don girmamawa. Ƙarami ya ci zaɓen, da rata mai yawa.

Majalisar dattawa ta yi nisa, Babba ya ɗan sha iska. Sai dai talabijin. In ana nuna zaman majalisa yakan jawo kujera kusa, ya sa tabarau, yana neman mutumin cikin layuka. Wata rana kyamara ta kama Sanata yana gyangyaɗi, baki a buɗe. Babba ya yi dariyar da matarsa ta ce rabon da ta ji irinta tun suna da ɗa ɗaya. Ranar har ƙarin abinci ya nema. Bayan mako guda Sanata ya miƙe ya yi magana a kan ma'aikatan da ke mutuwa a bakin aiki, ƙasa duka ta ɗauka, aka yi doka. Babba ya ce talabijin ɗin nan na sa masa ciwon ido.

Inda abin ya taɓa shi har ƙashi, wajen Auta ne. Ita ce ta biyar, ta gado ƙwaƙwalwarsa da rubutunsa, kuma ita kaɗai yake zama ya yi doguwar hira da ita. Ta karanta shari'a. Da ta gama, Sanata ya ɗauke ta cikin masu shirya masa takardu a majalisa. Babba bai hana ba; me zai ce? In ta zo hutu bakinta ba ya rabuwa da Baba Sanata. Baba Sanata ya ce kaza, Baba Sanata har mai share ofis ya san sunan 'ya'yansa.

Wata rana tana taya shi jera takardu a teburin ƙofar gida ta ce, "Baba, ka san abin da ke ba ni mamaki da shi? Ba ya tsoro. Ya ba mu labarin ranar da ya tsaya gaban kwamishina yana ƙaramin akawu. Ya ce kai ka rubuta takardar, kuma bai taɓa ganin rubutu irin wannan ba. Me ya sa ba kai ka karanta ba?"

"Ba ni da lafiya ranar."

"Haka ya ce. Wai haƙori." Ta yi dariya, ba da wata manufa ba. "Ka ga da yanzu ni 'yar sanata ce."

Babba ya ci gaba da jera takardun. Ya jera ya sake jerawa. Da ta shiga gida ya sallami wani mai neman a cika masa fom, ya ce ya dawo gobe. Ranar da za ta koma ya ce ba zai raka ta tasha ba, ƙafarsa na ciwo. Daga baya ya yi nadama, ya kira ta a waya sau uku yana tambaya ko ta isa lafiya.

Sanata ya yi zango biyu. A na uku jam'iyya ta ba wani matashi tikiti. Bayan 'yan watanni Sanata ya faɗi a banɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye, aka dawo da shi gidansa na garin. Makon farko motocin masu dubiya har titi. Kafin wata uku, daga mai gadi sai kyanwa.

Babba ya yi wanka, ya sa kayansa mafi kyau, ya tafi dubiya. A hanya bai yaudari kansa ba, ya san abin da yake son gani. Ya tarar da shi a baranda cikin keken marasa lafiya, bargo a cinya, baki ya karkace, ya zama ɗan mitsitsi. Sanata ya gan shi, idonsa ya kawo ruwa, ya miƙo hannun da ke aiki. "Yaya," in ji shi, kalmar tana fitowa a jaye.

Babba ya zauna yana jiran sanyin da ya yi shekara talatin yana jira ya sauka a ƙirjinsa. Bai sauka ba. Yana nan zaune wata tsohuwa ta shigo, mai gadi na biye da ita yana ƙoƙarin hana ta. Matar leburan nan ce da rami ya rufta wa. Ta ji labari, ta hau mota biyu ta zo. Ta durƙusa ta kama ƙafar keken tana kuka. Sanata, da rabin baki, ya tambaye ta 'ya'yanta uku da sunayensu, bai kuskure ko ɗaya ba. Da za ta tafi ta juyo ta gaida Babba irin gaisuwar da ake yi wa baƙo. Ba ta san shi ba.

A gida matarsa ta ce, "Yaya jikin nasa?"

"Yana nan. Har yanzu ana zuwa masa."

"Kai ma ai ka je."

Ya ci gaba da zuwa duk ranar Laraba. Me ke kai shi, shi kansa bai sani ba. Yakan karanta masa jarida, ya gyara masa bargo, ya goge masa baki in yawu ya zubo. In baƙi sun shigo kuma, ya ƙirga su a ransa.

Sanata ya rasu bayan shekara ɗaya da rabi. Garin ya tsaya cak, kasuwa ma ba ta ci ba. Aka ba Babba wuri a gaba cikin dangi. Ya yi kuka, kukan gaske, har Auta ta riƙe shi. Cikin kukan kuma yana ɗaga kai yana neman inda taron ya ƙare, bai gano ba.

Bayan haka safiya ta zame masa fanko. Ya kunna rediyo ya kashe. Ya sayi jarida ya rasa wanda zai nema a ciki. Sannan gwamnati ta ga ya dace a sa wa wani titi sunan marigayi. Aka duba aka ce ina ya fi dacewa kamar layin bayan tanki, inda ya yi ƙuruciyar aikinsa, inda amininsa ke zaune har yanzu. Aka zuba kwalta, aka kafa shuɗin allo mai farin rubutu, taku biyar daga teburin Babba. Aka miƙa masa almakashi ya yanke ƙyalle gaban jama'a. Ya yanke.

Washegari mutum na farko da ya zo a rubuta masa takarda ɗan layin ne. Babba ya sa takarda a tafireta, ya zo wurin adireshi, ya tsaya. Ya daɗe yana kallon farar takardar. Sannan ya ce wa mutumin ya je wurin masu kwamfuta. Da hantsi ya kira mai baro, aka kwashe tebur da laima da tafireta aka sha kwana, aka kafa su a gefen wani shagon magani a layi na gaba. Wurin ba inuwa, daga azahar rana a fuskarsa take. Mutane suka ce tsohon ya kasa jure ganin sunan amininsa, ƙaunar ta yi yawa.

Matarsa ce ke kai masa ruwa can. Wata rana ta ajiye, ta dube shi yana gumi, ta ce, "Malam, ya mutu fa."

"Na sani. Da ni aka binne shi."

"To wa kake wa fushi a cikin ranar nan?"

Ya ɗauki ruwan ya sha. "Nan ya fi ciniki," in ji shi. Ba haka ba ne, su biyun sun sani.

Shekara uku ya yi a wurin. Ya rasu wata ranar Alhamis da safe bayan ɗan gajeren ciwo, 'ya'yansa biyar na kusa da shi. An taru sosai, fiye da yadda ake taruwa don akawu. Jaridar jiha ta ba shi layi shida a shafin ciki, ta ce aminin marigayi Sanata ya rasu. Auta ta yanko ta kawo wa uwar. Tsohuwar ta sa aka karanta mata, ta ce a sake, sannan ta ce, "Gara da bai gani ba."

Auta ta tambaye ta me take nufi. Ta ce ba komai, a dai je a ɗauko teburin nan a dawo da shi gida kafin ruwa ya dake shi.